Duniyoyin Gem Biyar Da Ba Na Gajiya Da Yawo A Cikinsu

 Waɗanda data ta hana su sauraro, ga shi nan an rubuta muku kamar yadda aka saba.

Yau hirar gem za mu yi. 'Yan PES da 'yan FIFA ku yi haƙuri, rigimarku sai an ware mata rana guda. Ina magana ne a kan irin gem ɗin nan da ake sakin ka a cikin wata faffaɗar duniya, ga gari, ga daji, ga dutse, a ce maka je ka inda ka ga dama. Na zaɓo biyar da na fi son yawo a cikinsu, kuma ma'aunina ɗaya ne: idan ka ajiye aikin da gem ɗin ya ba ka, ka ƙi harbi, ka ƙi tsere, akwai abin da zai riƙe ka a wurin? Tambayar tana da nauyi fa, don awannin da muke zubawa a gaban allo ba sa dawowa, kuma iyayenmu ba su yi ƙarya ba da suke cewa abin yana cin lokaci. To in dai za a ci lokacin, gara mu san inda muke kai shi.

Na farko, San Andreas. Na san da yawanku kun yi murmushi. GTA San Andreas ya fito a 2004 a kan PlayStation 2, kuma da wuya ka samu wanda ya yi zaman gidan gem bai taɓa hawa keken CJ ba. Labarin a 1992 yake, a wata jiha da aka ƙirƙira mai birane uku: Los Santos da aka kwaikwayo daga Los Angeles, San Fierro daga San Francisco, sai Las Venturas daga Las Vegas. Waɗanda suka gina shi kuwa a Edinburgh suke, can ƙasar Scotland.

Abin da ya sa yake cikin jerin nan shi ne dabarar da suka yi da ƙaramar na'ura. PS2 ba ta iya nuna abu mai nisa, sai suka rufe nesa da hazo, suka lanƙwasa hanyoyi ta bayan duwatsu, suka toshe gadoji a farkon labari. In ka yi taurin kai ka tsallaka, 'yan sanda su yi maka ca. Shi ya sa ranar da aka buɗe maka hanyar barin Los Santos, ka ga gonaki da ƙananan ƙauyuka da dutsen Chiliad, sai ka ji kamar da gaske tafiya ka yi. Taswirar ba ta kai ta gem ɗin yanzu girma ba, amma a ranka ƙasa ce guda. Sai dai a faɗi gaskiya, gem ne na manya, cike da ashar da kisa, kuma da yawanmu mun buga shi muna yara. Mai ƙani a gida ya kula.

Na biyu, Hyrule, wato duniyar The Legend of Zelda: Breath of the Wild, wanda Nintendo ya fitar a watan Maris na 2017. Wannan shi ne gwanina, ba na ɓoyewa. Da ka gama darasin farko a kan wani tudu, sai a ba ka 'yar lemar da kake shawagi da ita a iska, shi ke nan, an sallame ka. In ka ga dama ka wuce kai tsaye fadar babban mugun, gem ɗin ba zai hana ka ba, sai dai ka ci dukan tsiya.

Kusan duk abin da idonka ya gani za ka iya hawa. Amma in ruwa ya sauko dutse ya yi santsi, dole ka nemi mafaka ka kunna wuta ka jira. In ana walƙiya kana ɗauke da takobin ƙarfe, tsawa kai za ta nema. In ka cinna wa ciyawa wuta, iska mai zafi ta taso, sai ka buɗe lemarka ta ɗaga ka sama. Ba wanda zai zaunar da kai ya karanta maka waɗannan duka, gwaji ne yake koya maka.

Sannan ga abin da na fi so. A yawancin gem, in ka hau hasumiya sai taswirarka ta cika da alamomi, je ka nan, ɗauko wancan, ka zama ɗan aike. A Hyrule in ka hau hasumiya zanen ƙasa kawai za a ba ka. Kai ne za ka leƙa da idonka, ka ga wani haske can nesa, ka sa masa alama da hannunka. Masu ginin sun yi bayani cewa da gangan suka cika ƙasar da tuddai masu siffar dala, don tudu ya ɓoye abin da ke bayansa, ka yi sha'awar hawa ko kewayawa. Daraktan, Hidemaro Fujibayashi, ya ce da taswirar birnin Kyoto ya auna nisan wurare, saboda ya san yadda tafiya take a ƙafa a garin. Ku riƙe wannan, za mu dawo kansa. A ciki an ɓoye ɗakunan gwaji 120 da wasu ƙananan halittun daji 900, wani a ƙarƙashin dutse, wani a kan bishiya. Wanda bai iya tsayawa ya duba ba, wucewa zai yi ta yi.

Na uku, tsibirin Tsushima, a cikin Ghost of Tsushima na 2020. Tsibirin na gaske ne, yana tsakanin Japan da Koriya, kuma da gaske ne rundunar Mongol ta afka masa a 1274. Jarumin, Jin Sakai, ƙirƙirarre ne. A nan ma an cire 'yar taswirar nan ta gefen allo. Iska ce take nuna maka hanya. Ka zaɓi inda za ka, sai ka ga ciyawa da ganyaye suna kaɗawa ta can. Wani tsuntsu ruwan ɗorawa ya gifta, in ka bi shi ya kai ka maɓuɓɓugar ruwan zafi. Yanyawa ta fito, in ka bi ta ta kai ka wani ɓoyayyen wuri. Idonka yana kan ƙasar ne koyaushe, shi ya sa kake haddace ta.

Ku ji abin da ya biyo baya. A watan Satumba na 2020, watanni biyu da fitowar gem ɗin, wata mahaukaciyar guguwa ta kayar da ɗaya daga cikin ƙofofin wurin bautar Watatsumi da ke tsibirin. Aka buɗe neman taimako, ana neman yen miliyan 5. Aka tashi da sama da miliyan 27, kuma masu buga gem ɗin suna cikin waɗanda suka zuba kuɗin sosai. A 2021 hukumar tsibirin ta naɗa daraktocin gem ɗin biyu, Nate Fox da Jason Connell, jakadun yawon buɗe ido. Kamfanin Amurka ne fa ya yi shi. Mutanen da ba su taɓa taka tsibirin ba sun ji ciwon faɗuwar ƙofarsa, don sun yi yawo a kwaikwayonsa.

Na huɗu, Bagadaza, a cikin Assassin's Creed Mirage na 2023. Wannan kam ya taɓa ni ta wani wuri daban. Mun taso muna jin labarin Bagadaza ta zamanin Abbasiyawa a littafi da bakin malamai. Gem ɗin ya sauke ka a cikinta a shekarar 861, kimanin shekara ɗari bayan Halifa Mansur ya kafa kewayayyen birnin a 762. Ka bi ta kasuwar Karkh, ka hau soro ka hango kogin Dijla, ka shiga Baitul Hikma ka ga masu fassara da masu nazarin taurari. Kana tafe ka ji kiran sallah yana tashi. Ana iya buga shi gaba ɗaya da muryoyin Larabci, kuma ɗan wasan Jordan Eyad Nassar ne ya yi muryar jarumin, Basim.

Aikin da ke ciki ba ƙarami ba ne, don wancan kewayayyen birnin babu shi a yau. Rundunar Hulagu ta ragargaza Bagadaza a 1258, shekara 16 kafin rundunar ɗan uwansa Kublai ta sauka Tsushima. Kun ga yadda duniyoyin biyu suka haɗu. Masu ginin sun dogara ne da rubuce-rubucen mutanen da, da abin da aka tono, da garuruwa irin su Samarra. Sun kuma watsa wurare 66 a cikin birnin, in ka isa ɗaya sai a buɗe maka bayani kan rayuwar lokacin: kasuwanci, ilimi, mulki, har da bauta.

Amma a yi hattara, ɗan uwa. Gem ba littafin tarihi ba ne. Halifa Mutawakkil da gaske an kashe shi a 861, kuma dakarunsa Turkawa ne suka kashe shi. Gem ɗin ya juya labarin yadda zai dace da tatsuniyarsa. Ka ji daɗin titunan, labarin kuwa ka je ka bincika.

Na biyar, Minecraft. Na san wani zai ce haba, gem ɗin yara, komai bulo-bulo? To shi ne gem ɗin da aka fi saya a tarihi, sama da kwafi miliyan 300 zuwa 2023. Markus Persson, ɗan ƙasar Sweden, ya fara sakin sa a 2009, Microsoft kuma ya sayi kamfanin a 2014 a kan dala biliyan 2.5. Duk lokacin da ka buɗe sabuwar duniya, kwamfuta ce take ƙera ta nan take, tsauni, kogo, teku, hamada. Ba wanda ya riga ka shiga. Kuma yana tafiya a waya. Wannan yana da muhimmanci, don PlayStation 5 dala 499 aka sa mata ranar da ta fito a 2020, mafi ƙarancin albashi a Najeriya kuma naira 70,000 ne tun 2024. Ku yi lissafin da kanku, ku ƙara kuɗin man janareto.

Abin da ya sa na ajiye shi a ƙarshe shi ne, a nan kai ne magini. Tun 2012 hukumar Majalisar Ɗinkin Duniya mai kula da matsugunan jama'a take aiki da kamfanin a wani shiri mai suna Block by Block, kuma a unguwar Kibera da ke Nairobi aka fara gwada shi. Ana gina kwaikwayon wani fili na unguwa a cikin gem ɗin, a tara mazauna, yara da mata da dattawa, kowa ya sa abin da yake so: fitila a nan, benci a can, magudanar ruwa ta nan. Sai a miƙa wa masu zanen gine-gine da hukuma. Yarinyar da ba za ta iya ɗaga murya a taron manya ba, za ta iya ɗora bulo ta nuna lungun da take tsoron bi da dare.

To me ya haɗa biyar ɗin nan? Kowacce tana sa ka ɗaga kai ka duba, kuma kusan kowacce ta samu hakan ne saboda wani ya zauna ya duba wani wuri na gaske da kyau. Wancan ya auna Kyoto da ƙafarsa, waɗancan sun je Tsushima, waɗannan sun bi tsoffin littattafai suna neman ƙofofin Bagadaza.

Za ku ce, mu fa? Muna ciki, amma ta sama. A watan Agusta na 2021 aka ƙara Hausawa da Habashawa a cikin Age of Empires III. Babban birninka Kano, jagorarka Sarauniya Amina. 'Yan Zariya, na ji ƙorafinku tun kafin ku yi. Akwai mahaya masu lifidi, akwai wani soja da ake kira Maigadi, kuma in ka danna su da Hausa suke amsa maka. Wallahi ranar farko sai ka ji daɗi. Sai dai gem ne na tsara yaƙi, kana kallon komai daga sama kamar shaho. Ba ka shiga lungu, ba ka tsayawa bakin rumfa a kasuwar Kurmi, ba ka hawa Dala da ƙafarka ka hango ganuwa.

Irin wannan aiki ana fara shi a nahiyar nan. A Yawunde, kamfanin Kiro'o Games na Olivier Madiba ya fitar da Aurion a 2016, bayan shekaru ana fama da ƙarancin kuɗi da ɗaukewar wuta. Abubakar Salim, ɗan Birtaniya mai tushe a Kenya, wanda ya yi muryar jarumin Assassin's Creed Origins, ya fitar da Tales of Kenzera: Zau a 2024 don tunawa da mahaifinsa, har da muryoyin Swahili a ciki. Babu ɗaya daga cikinsu da ya kai girman Hyrule, amma nasu ne, kuma kowa na iya shiga.

Don haka ga ɗan aikin da zan bar mu da shi. Mai Minecraft a wayarsa, ya gwada gina layinsu, daga bakin titi zuwa ƙofar gidansu. Za ka sha mamaki, don sai ka zo ɗora bulo za ka gane ba ka san tagogin gidan maƙwabcinka nawa ba ne, ba ka san ta ina ruwa yake bi in an yi sama ba. Dole ka fita ka duba. In kun gina, ku turo mana hoton.

Sannan ku faɗa min taku. Wace duniya ce kuka fi daɗewa a cikinta, kuma me ya riƙe ku? 'Yan Red Dead Redemption da 'yan Skyrim, na san kuna nan kuna huci don ban ambace ku ba, filin naku ne a ƙasa.

Sai mun haɗu a shiri na gaba. Ku huta lafiya.