TATTALI BA ROWA BA NE

(Jawabin da wani dattijo daga cikin 'yan kasuwarmu ya gabatar a taron ƙungiya na shekara-shekara a Sabo, Ibadan)



Da sakatare ya ce mini in yi magana a kan tattalin kuɗi sai na yi dariya. Na ce masa, ai ka zo wurin wanda ya ɗanɗana, domin ni ɗin nan na taɓa cinye jarina ƙarƙaf a Sallah guda.

Ina saurayi a lokacin, ina sayar da albasa. Shekara biyu ina tarawa. Da Babbar Sallah ta ƙarato na ce sai mutanen garinmu sun san na je Kurmi. Na ɗinka shadda kala uku, na sayi agogo da rediyo mai kaset, na ɗauki shatar mota daga tasha har ƙofar gidanmu. Maroƙa suka yi ta kirari, ni kuwa ina ta zaro kuɗi. Kwana goma sha biyu na yi. Ranar dawowa, wallahi sai da mahaifiyata ta sayar da akuyarta aka yi mini kuɗin mota. Ban manta fuskarta ba. Shekara uku na yi ina yaron wani kafin in sake tsayawa da ƙafata.

Jama'a, mu da ke zaune a nan hidimarmu biyu ce: ga haya da cefane da kuɗin makaranta a nan, ga iyaye da dangi a gida suna sa ido. Tun da aka cire tallafin mai a ranar 29 ga Mayu, 2023, kuɗin motar zuwa Arewa kaɗai ya zama abin da sai an yi shiri. Saboda haka tattali a wurinmu tilas ne. Ga abubuwa huɗu da wuya ta koya mini.

Na farko, a raba uwar kuɗi da riba. Yawancinmu aljihu ɗaya muke da shi, a nan ciniki yake shiga, a nan kuɗin cefane yake fita, a nan ake ciro gudummawar biki. Sai wata rana a je sari a ga kuɗi ba su kai ba, a ce kasuwa ce ta lalace. Sayi ɗan littafi, ka rubuta abin da ka saro da abin da ka sayar. Wanda bai iya boko ba ya rubuta da ajami. Ka yanka wa kanka abin da za ka ci kullum daga cikin riba. Jari kuwa ka ɗauke shi kamar amanar wani.

Na biyu, a fara cire na ajiya kafin a fara kashewa. Wanda ya ce sai abin da ya rage zai ajiye, ba zai taɓa ajiyewa ba. Naira 500 a kullum ta zama 15,000 a wata, ta zama 182,500 a shekara. Da yayyafi kogi kan cika. Maƙwabtanmu Yarbawa sun riƙe wannan da kyau, ga masu alajo nan suna zagaya kasuwa, suna karɓar zubi kullum, ladansu zubin kwana ɗaya a wata. Mu ma muna da adashi, iyayenmu mata sun fi mu sanin kansa. Sai dai a san wanda za a ba riƙo, a rubuta, a sa shaidu.

Na uku, kada dukiya ta taru a wuri ɗaya. Kowa a nan yana tune da abin da ya faru a kasuwar Shasha a watan Fabrairu na 2021. Wanda komai nasa ke cikin rumfa ya wayi gari ba shi da ko kuɗin motar kai iyali gida. Wanda ke da ɗan abu a banki, ko saniya a ƙauye, ko fili, ya sami abin dafawa ya miƙe. A farkon 2023 kuma, lokacin canjin kuɗi, mun ga wahalar masu ɓoye kuɗi a ƙarƙashin katifa, mun ga ta waɗanda komai nasu ke banki ba su da na cefane a hannu. To, a rarraba. Mai gudun kuɗin ruwa, yanzu akwai bankunan da ba sa hulɗa da ruwa, irin su Jaiz da TAJ da Lotus. Kuma tun 2024 hukumar NDIC ta ɗaga inshorar ajiyar mutum a manyan bankuna zuwa naira miliyan 5.

Na huɗu, a guji kwaɗayi. Duk wanda ya ce ka kawo dubu ɗari ya mayar maka dubu ɗari biyu cikin wata guda, tambaye shi me yake sayarwa. MMM ta rufe da kuɗin mutane a Disamba 2016, CBEX ta yi haka a Afrilu 2025, gobe wata za ta zo da sabon suna. Ku kuma matasa, cacar ƙwallon nan ta waya ita ma gara ce, a hankali take cin jari. Garin neman gira ake rasa ido.

To, kada wani ya fita daga nan ya je ya ƙuntata wa iyalinsa ya ce ni na faɗa. Maigidan da ya hana cefane, ya bar yara ba magani don ya tara, wannan marowaci ne, kuma ba ya jin daɗin duniya. Tattali shi ne ka rage abin da kake yi don idon mutane, ka inganta abin da kake yi don gidanka. Gidaje huɗu su haɗa kuɗi su sayo buhun masara ko wake a Bodija su raba, ya fi awon mudu-mudu sauƙi. Tuwon gida ya fi na kanti araha da albarka. Iyayenmu mata, ankon nan na kowane biki, a sassauta. Lefe a yi daidai ƙarfi, kada amarya ta tare a gidan da bashi ya riga ta shiga. Abin da ke sa mutum farin ciki ba shi da tsada: ka kwanta ba mai bin ka, yaranka sun ƙoshi, ka zauna hira da 'yan'uwa bayan Isha'i, wata ya ƙare ka aika wa tsohuwa abin da ya sawwaƙa.

Ku tuna da Alhaji Alhassan Ɗantata, wanda ya yi fataucin goro har ƙasar Gwanja da Ikko. Da bankin Turawa ya buɗe reshe a Kano a 1929, lodin raƙuma 20 na kuɗin azurfa ya kai ajiya, amma an san shi da sauƙin rayuwa har ya rasu a 1955. Haka iyayenmu da suka zauna a Sabon nan tun 1916, da cinikin goro da shanu da haƙuri suka gina gidajen da muke ciki.

Roƙona shi ne, gobe da safe kowa ya fara, ko da naira ɗari biyu ce. Don tuwon gobe ake wanke tukunya. In Allah Ya kai mu taron baɗi, ina so in ji wanda zai tashi ya ce ya gwada.

Allah Ya sa wa nemanmu albarka, Ya zaunar da mu lafiya da masu masaukinmu.