SUNAN SARAKAI, GUMIN TALAKAWA: DARASI DAGA UNGUWAR TURAKI TA JALINGO



Akwai wata tsohuwar muhawara wadda masana suka daɗe suna yi, wato shin manyan mutane ne ke yin tarihi, ko kuwa talakawa? Hanya mafi sauƙi ta warware wannan magana ita ce a ɗauki gari guda a duba yadda ya kafu. Garin da za a ɗauka a yau shi ne Jalingo, hedkwatar Jihar Taraba.

Duk wanda ya shiga Jalingo zai ji sunayen unguwanni kamar haka: Turaki, Barade, Sintali, Majidaɗi, Sarkin Dawaki. Waɗannan duka sunayen sarautu ne na fada. Turaki ma har mazaɓa biyu ce a yau. To, baƙon da ya ji waɗannan sunaye zai ɗauka cewa masu rawani ne kaɗai suka gina garin. Littattafan tarihi ma haka suke nunawa. Suna cewa Hammaruwa, ɗan'uwan Buba Yero na Gombe, shi ya kafa masarautar Muri a 1817. Suna cewa Sarkin Muri Muhammadu Nya ya kafa Jalingo a 1893, ya mai da ita mazaunin sarauta. Suna cewa Sarki Muhammadu Mafindi ya yi shekara 50 a kan gado, daga 1903 zuwa 1953.

Duk wannan gaskiya ne, kuma ba a raina shi. Shugaba shi ke yanke shawara a lokacin da jama'a ke jira. Da Muhammadu Nya ya kafa sansaninsa a wani wuri dabam, da yau wani gari ne ake kira hedkwata.

Amma fa a duba dalilin kafa sansanin. Jalingo ta faro ne a matsayin sansanin yaƙi, domin a ci garin Kona na Jukunawa da ke kusa. Mutanen Kona manoma ne, suka tsaya bayan ganuwarsu shekara da shekaru, dawakin Muri suka kasa shiga. Sai a ƙarshen 1892, da wani hafsan Faransa mai suna Mizon ya zo ta kogin Binuwai da igwa, ya haɗa kai da Sarki, sannan garin ya faɗi, aka kama mutane da yawa aka mai da su bayi. An ce ma sunan Jalingo kalmar Fulatanci ce mai nufin wurin nasara.

A nan akwai abin lura. Tarihi ya riƙe sunan Sarki, ya riƙe sunan Bature. Amma wa ya tsare ganuwar Kona duk tsawon shekarun nan? Wa ya yi noman da ya ciyar da su? A ɓangaren Muri kuma, wa ya yanko wa dawaki ciyawa, wa ya ɗebo ruwa, wa ya ƙera mashi? Juriyar talakawan Kona ita ta tilasta wa Sarki ya zauna wuri ɗaya, ita kuma ta sa ya nemi taimakon baƙo. Wato ke nan waɗanda aka ci da yaƙi su ma suna da hannu a kafuwar garin. Kona kuwa tana nan har yau, tana ɗaya daga cikin mazaɓun Jalingo.

Bugu da ƙari, sansani ba ya zama gari sai an sami masu zama. Sansanoni nawa aka kafa a ƙasar Hausa da Fombina waɗanda yau suka zama kufai? Abin da ya raya Jalingo shi ne doyar Mumuye, da shanun Fulani, da kifin masunta na Binuwai, da fataken Hausawa da Barebari masu kawo gishiri da kanwa da tufafi, da 'yan dako masu kai kaya tashar jiragen ruwa ta Lau, da matan da suka yi daka suka yi tuwo, da malaman allo da suka koyar da yara a zaure. A unguwa irin Turaki, mai sarauta ya ba da suna, magina suka kwaɓa ƙasa suka ɗora tubali. Haka nan da gwamnatin Janar Babangida ta cire Taraba daga Gongola a ran 27 ga Agusta 1991, da alƙalami aka yi jihar a rana ɗaya, amma birkiloli da direbobi da malaman makaranta da 'yan kasuwa su suka yi shekaru suna mai da garin hedkwata ta gaske.

Wannan magana ta shafi ɗan Arewa mazaunin Kudu ƙwarai da gaske. Unguwar Sabo ta Badun an kafa ta a 1916. Idan ana ba da tarihinta, jerin sarakunan Hausawa ake kawowa. Amma masu koro shanu daga Arewa, da masu ɗaurin huhun goro, da dillalai, da fatoman da ke saukar da baƙi, da mahauta, su ne suka sa Sabo ta zama Sabo. Amanar da ɗan dako ya riƙe a kasuwa ita ta sa aka yarda da wanda ya zo bayansa. Haka abin yake a Agege da Idi Araba. Dalar gyada ta Kano ma ana tunawa da ita da sunan Alhasan Ɗantata, alhali kowane buhu daga gonar wani manomi ya fito.

Saboda haka akwai abu biyu da ya kamata mai sauraro ya riƙe. Na farko, kada talaka ya naɗe hannu yana jiran wani babba ya zo ya gyara masa zango. Rijiya da makarantar yara da zaman lafiya da masu masauki, duk aikin jama'a ne, shugaba sai dai ya ja gaba. Hausawa na cewa sarkin yawa ya fi sarkin ƙarfi, kuma hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Na biyu, yaran da aka haifa a Kudu da yawansu sun san sunayen sarakuna da gwamnoni, amma ba su san garin kakansu ba, balle sana'arsa, balle shekarar da ya sauka a zango. Idan tsofaffi suka ƙare ba a tambaye su ba, wannan tarihi ya tafi ke nan, sai sunayen masu rawani kawai za su rage, kamar yadda ya faru ga masu tsaron ganuwar Kona. Ya kamata kowane magidanci ya zaunar da 'ya'yansa ya faɗa musu, wanda ya iya boko ko ajami kuma ya rubuta ya ajiye.

Allah Ya jiƙan magabata, manyansu da ƙananansu. Allah Ya ba da sa'ar nema, Ya mai da kowa gida lafiya. Wassalam.