Jawabin Sakataren Shirye-shirye a Dandalin Kasuwa: Abin da Ya Sa Muka Tsayar da Ɗan Takararmu na Kansila

 

Da yawanku kun san ni da alli a hannu. Shekara biyar ina koyar da 'ya'yanku, kuma na ga daminar da iska ta yaye kwanon aji biyu, muka koma gindin darbejiya har kaka. Mun rubuta takarda sau uku, ba amsa. Abin da ya fito da ni daga aji ke nan.

Jama'a, ku san hakkinku. A 1976 aka yi wa mulkin ƙananan hukumomi gyara, En'e ta kau. Tsarin Mulki na 1999 ya lissafa ƙananan hukumomi 774, ya kuma ɗora musu kula da kasuwanni, da tashoshin mota, da maƙabartu, da hanyoyin cikin gari, da sa hannu a ilmin firamare da kiwon lafiya. A watan Yuli na 2024 Kotun Ƙoli ta yanke hukunci a riƙa biyan kuɗinsu kai tsaye cikin asusunsu. To, idan kuɗi ya iso, wa zai tsaya muku a kansa? Kansilan da kuka zaɓa, domin a majalisarsu ake amincewa da kasafin kuɗi.

Ɗan takararmu bai ce zai kawo muku babban titi ko wutar lantarki ba. Wannan ya fi ƙarfin kansila, duk wanda ya yi muku alkawarinsa zolayarku yake yi. Ga abu huɗu da zai sa a gaba.

Na ɗaya, ruwan sha. A gyara famfunan burtsatse da suka mutu kafin a haƙa sababbi.

Na biyu, ɗakin shan magani. A samu ungozoma mai kwana a garin nan, a daina ɗaukar mai naƙuda a amalanke cikin dare.

Na uku, makaranta. Rufi, da benci, da allo.

Na huɗu, kwalbati a mashigin rafi, don gero da gyaɗarku su isa kasuwa ko da ruwa ya sauka.

Kuma duk wata uku zai zo dandalin nan ya karanta muku abin da ya shigo da abin da aka kashe. In ya saɓa, ku tuhume shi, ku tuhume ni.

Za a zo muku da atamfa da sabulu. Sabulu sati biyu ne ya ƙare, kujera kuwa shekaru ce. Don tuwon gobe ake wanke tukunya.

Ranar zaɓe ku fito da sassafe da katinku. Maigida, ka bar iyalinka su fito. Ku dangwala a alamar jam'iyyarmu, ku tsaya a ƙirga a gabanku.

Allah ya ba mu damina mai albarka, ya zaunar da ƙasarmu lafiya. Wassalam.