Wa Ke da Ikon Cewa a Fita? Tsara Manufar Tunkarar Bala'i ga Ƙungiyar Agaji

Lacca da aka gabatar a Limancin Kona, Birnin Zariya

 

  

An nemi in yi magana kan yadda ƙungiyar agaji za ta rubuta wa kanta manufar tunkarar bala'i. Na ji daɗi da aka yi zaman a Limancin Kona, domin unguwa ce da ta san darajar abin da aka rubuta aka adana. Kuma unguwa ce ta lunguna da zauruka da tsofaffin gine-ginen ƙasa da ɗalibai baƙi, don haka duk abin da zan faɗa, wanda ya leƙa waje zai gan shi da idonsa.

Ranar Juma'a, 11 ga Agusta, 2023, ana cikin sallar La'asar, wani sashe na Masallacin Juma'a na ƙofar fada ya rufta kan masallata. Aƙalla mutum bakwai suka rasu, wasu da yawa suka jikkata. Allah ya jiƙansu da rahama. Ginin nan tun shekarun 1830 yake tsaye, aikin Babban Gwani Muhammadu Durugu ne a zamanin Sarki Abdulkarimu. Mai Martaba Sarkin Zazzau, Malam Ahmed Nuhu Bamalli, ya shaida wa manema labarai cewa an ga tsaga a jikin ginin kwana guda kafin abin ya faru, ana kuma shirin kawo injiniyoyi su duba. Ban tayar da wannan zance don in ɗora wa kowa laifi ba. An ga alama, an nemi masana, abin da mai hankali zai yi ke nan. Abin da nake so mu duba shi ne 'yar tazarar da ke tsakanin ganin alama da isowar masana. A cikin wannan tazara, wane ladan ne ko wane ɗan agaji zai iya tsayawa a bakin ƙofa ranar Juma'a ya ce wa dattawan gari kada su shiga wannan ɓangare? Babu. Kunya za ta hana shi, tsoron a ce ya yi rashin ladabi zai hana shi. Abin da kawai zai ba shi ƙarfin zuciya shi ne a ce manyan nan da kansu sun riga sun zauna tun hankali na kwance, sun amince, sun sa hannu, cewa duk ranar da aka ga kaza, wane yana da ikon yin kaza ba sai ya jira kowa ba. Wannan yarjejeniya ita nake nufi da manufa, kuma duk abin da zai biyo baya a kanta ya dogara.

Na san akwai mai cewa a zuci, abin da Allah ya ƙaddara babu makawa. Gaskiya ne, kuma a gaban malamai nake, sun fi ni sanin amsa. Zan dai tuna mana cewa Sayyidina Umar ɗan Haɗɗabi, da ya kama hanyar Sham ya ji annoba ta ɓarke a can, sai ya tsaya a Sarg ya yi shawara da sahabbai, ya juya da jama'arsa. Da fari ya afka wa Hijaz a shekara ta 18 bayan Hijira, wadda ake kira Shekarar Toka, ya sa mutane a gefunan Madina suna kula da waɗanda yunwa ta koro suna ƙidaya su, ya rubuta wa gwamnoninsa irin su Amru ɗan Asi su aiko da abinci, ya jinkirta karɓar zakka. Ƙidaya ce da rabon aiki da neman taimako a kan lokaci. Wanda ya tsara irin wannan a yau bai kauce wa tawakkali ba.

Kuskuren da na fi gani shi ne ƙungiya ta ɗauko kundin wata babbar hukuma ta ƙasashen waje, ta canza suna a bango, ta ce ta yi manufa. Za ka buɗe ka ga shafuka kan girgizar ƙasa, ba ka ga layi ɗaya kan kududdufi ba. Manufa daga yawon ƙafa take farawa. A ɗauki littafi da biro, a bi unguwa lungu-lungu tare da mai unguwa da magini da wata dattijuwa da ta san gidaje. Zariya tana samun ruwan sama kimanin milimita 1,000 a shekara, mafi yawansa a Yuli da Agusta da Satumba. Ina ruwan nan yake bi idan ya sauka? Wace kwata ce leda ta toshe? Wane kududdufi aka cike aka yi gini a kai, ruwansa ya koma neman hanya ta gidan maƙwabci? Wace katanga ce gindinta ya jiƙe? Wane lungu ne motar kashe gobara ba za ta iya shiga ba, wanne ne ko a-daidaita-sahu ba ya ratsawa? Wace rijiya ce take kusa da masai? Waɗanda ke gaɓar kogunan Kubanni da Galma ambaliya ce babbar barazanarsu. Mu a cikin ganuwa, abin da ya fi kashe mu shi ne bangon da ya sha ruwa ya faɗo da dare, da gobarar hunturu, da amai da gudawa, da sanƙarau lokacin zafi. A 1996 sanƙarau ya kashe fiye da mutum 11,000 a arewacin ƙasar nan, a 2021 kuma kwalara ta kashe fiye da 3,500 a Nijeriya.

A wannan yawo ne za a rubuta su wa ba za su iya gudu da kansu ba: tsofaffi, makafi, guragu, masu jego, da matan da mazajensu suka tafi fatauci. Sai ɗalibai. Ina roƙon iyayenmu malamai su saurare ni a nan da kyau. A watan Fabrairu na 2025 gobara ta tashi da dare a wata makarantar allo a Ƙauran Namoda, almajirai 17 suka rasu. Kowane zaure da yara ke kwana a cikinsa ya kamata a san yawansu, a san ƙofofinsa nawa ne, a san inda ake tara kara da inda ake hura wuta, a san babban da ke kwana tare da su. Yaron da iyayensa ke wani gari, idan malaminsa kaɗai ya san sunansa, ranar tashin hankali ba wanda zai lura babu shi.

Bayan an san haɗari, sai a zo ga zuciyar kundin, wato alama da mataki da mai iko. Kowace shekara hukumar NiMet tana fitar da hasashen damina tun farkon shekara, hukumar NIHSA kuma tana fitar da jerin ƙananan hukumomin da ake fargabar ambaliya. Ana karantawa a rediyo, ana cewa Allah ya kiyaye, shi ke nan. Manufa ita ce za ta ɗaure kowane gargaɗi da aikinsa. Idan hasashe ya fito, cikin mako biyu a yi gayyar yashe magudanai. Idan aka ga tsaga a ginin da jama'a ke taruwa, a rufe wannan ɓangare nan take har magini ko injiniya ya duba. Idan mutum biyu ko uku a gida ɗaya suka kamu da gudawa mai ruwa-ruwa, a kai su asibiti, a sanar da jami'in sa ido kan cututtuka na ƙaramar hukuma a ranar, a daina shan rijiyar gidan har a gwada ta. Kowane mataki a rubuta muƙamin mai zartar da shi, da na wanda zai tsaya a madadinsa idan ba ya gari, da na uku idan wayar na biyu a kashe take. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Ƙasar Bangaladash ta nuna wa duniya amfanin wannan. Guguwar 1970 ta kashe aƙalla mutum 300,000 a can. Bayan haka gwamnati da ƙungiyar Red Crescent suka kafa rundunar 'yan sa-kai a ƙauyukan gaɓar teku, kowa da lasifikarsa da tutarsa da gidajen da aka damƙa masa. Da guguwar Sidr ta zo a 2007 da ƙarfi mai tsanani, waɗanda suka rasu ba su kai 5,000 ba. Mu lasifika muna da ita a kowane masallaci. Abin da ya rage shi ne a yarda da kalmomin da za a faɗa da wanda zai faɗe su, don kada sanarwa ta zama jita-jita.

Hukumar agajin gaggawa ta ƙasa, NEMA, an kafa ta a 1999, jiha tana da SEMA, kuma tsarin ƙasa ya tanadi kwamitin gaggawa a kowace ƙaramar hukuma. Wajibi ne manufarku ta faɗi yadda za ku yi aiki da su, da 'yan kwana-kwana, da Red Cross, da 'yan agajin Jama'atu da Fitiyanu da Izala. Amma mu faɗa wa kanmu gaskiya, sa'ar farko ta maƙwabta ce. Kafin wata mota ta shigo ta Ƙofar Doka ko Ƙofar Kona, wanda ke ƙarƙashin ƙasa ko an tono shi ko ya cika. Saboda haka shebur da diga da igiya da tocila da makarar ɗaukar majinyaci su kasance a cikin unguwa, mabuɗin a hannun mutum fiye da ɗaya. A san wa za a kai Asibitin Gambo Sawaba na Ƙofar Gayan, wa za a wuce da shi Asibitin Koyarwa na Shika. A san masu bayar da jini da rukunin jininsu. Kuma a horar da mata 'yan agaji, domin akwai ɗakin da namiji zai tsaya yana sallama a ƙofarsa alhali mai ɗakin tana zubar da jini.

Maganar kuɗi ita ce ke raba kan ƙungiyoyi. Shawarata, a ware asusun gaggawa wanda ba a taɓa shi don taro ko kayan sarki, a faɗi adadin da shugaban 'yan agaji zai iya kashewa cikin dare ba tare da zaman kwamiti ba, ya kawo rasit cikin kwana uku. A raba zakka da sadaka da waƙafi, kowanne da littafinsa, domin zakka tana da waɗanda shari'a ta ambata kuma ba a ajiye ta yadda aka ga dama. Wannan babi malaman Kona ne ya kamata su rubuta shi, kuma idan suka rubuta, ƙungiyoyin wasu garuruwa za su zo su kwafa.

Rabon kaya kuwa, a nan zuciyata ta fi zafi. A Disamba 2024, cikin 'yan kwanaki, yara 35 suka mutu a turmutsitsi a Ibadan, mutum 22 a Okija, mutum 10 a Abuja, duk a wuraren da aka tara jama'a don a yi musu alheri. Masu niyyar taimako ne suka shirya tarukan. Niyya ba ta buɗe ƙofa ta biyu, ba ta kuma tsara layi. Manufarku ta haramta sanarwar rabo ga kowa da kowa a fili ɗaya. A yi rajista gida-gida, a ba da kati, a raba lokaci, a kai wa tsoho da mai ciki har gida. Ma'auni shi ne buƙata. Ba a tambayar wanda gidansa ya rushe ko ɗan ɗariƙa ne ko ɗan Izala, ko Musulmi ne ko Kirista, ko wace jam'iyya ya zaɓa. A garin da ya ga rabuwar kai irin tamu, wannan jimla ta cancanci shafin farko. Kuma a hana ɗaukar hoton bazawara riƙe da buhun shinkafa don a sa a Facebook. Ta rasa ɗakinta, kada mu ƙara mata da tozarci. Sunayen da aka tattara su ma amana ne, ba a miƙa wa ɗan siyasa.

Idan har an kwashe mutane zuwa makaranta ko fili, akwai ma'aunin Sphere da ƙungiyoyin agaji suka fara tsarawa a 1997, bayan kwalara ta yi ɓarna a sansanonin 'yan gudun hijirar Ruwanda a Goma: aƙalla lita 15 na ruwa ga kowane mutum a rana, bandaki ɗaya ga mutum 20, na mata daban. Ku lissafa da makarantar da kuke da niyyar amfani da ita, za ku ga inda giɓin yake tun yanzu.

Kada a manta da ɗan agajin kansa. Yaron da aka tura ɗaukar mai kwalara ba safar hannu, ko aka tura shi cikin ginin da bai gama faɗuwa ba, an zalunce shi. A rubuta abin da aka hana shi yi, da wanda zai biya kuɗin maganinsa idan ya ji rauni.

Kundin kada ya yi kauri. A rubuta shi da Hausa, da boko da ajami, a karanta shi a gaban mai unguwa da liman da shugabar mata kafin a sa hannu. Jami'ar Ahmadu Bello tana da cibiyar nazarin haɗurran bala'i a Samaru, a nemi malamanta su duba taswirar da kuka zana. Sannan a gwada shi sau biyu a shekara, a watan Mayu kafin ruwa ya kankama, da watan Nuwamba kafin sanyi ya sa a fara kwana da garwashi. A gwajin farko a kira lambobin wayar da ke cikin kundin ɗaya bayan ɗaya da ƙarfe biyun dare, a rubuta waɗanda suka ɗauka. Duk muƙamin da mutum ukunsa ba su amsa ba, a sake masa mutane kafin a tashi zaman da zai biyo baya.