Wace Mota Ce Za Ta Ja Jirgin Masuntanmu?

(Jawabin da aka gabatar a taron shekara-shekara na ƙungiya)



Kwamitin ayyuka ya ɗora mana nauyin yi wa wannan taro bayani a kan motar da ƙungiya ke niyyar saye domin jan jirgin fiba mai inji da za a mallaka wa masuntanmu. Mun zauna da direbobi da makanikai da su masuntan, mun kuma duba littattafan da kamfanoni ke haɗowa da motocinsu. Kuɗin nan gumin jama'a ne, akwai na ɗan kasuwa, akwai na malamin makaranta, akwai na mai gadi da ya rage daga albashinsa. Idan muka yi saye na kuskure, ba mu da wani asusu na biyu da za mu koma masa. Shawararmu a dunƙule ita ce, a fara auna jirgi, a dubi hanya, a tambayi bakanike, sannan a je kasuwar mota.

Da yawa daga cikin 'ya'yanmu da aka haifa a birni za su tambaya, me ya haɗa jirgi da mota? Amsar tana cikin tarihin ruwanmu. Tun da aka kammala madatsar ruwa ta Kainji a 1968, aka tayar da sama da mutum 40,000 daga matsugunansu, Kwara ta zama tafki mai tsawon fiye da kilomita 130. Ruwan tafkin yana hawa da sauka kowace shekara, farin ruwa ya zo da damina, baƙin ruwa ya biyo baya da sanyin hunturu, sannan ya ja baya ya bar laka mai faɗi. Mashigar da jirgi ke tsayawa a watan Janairu takan zama fako ko taɓo a watan Yuli. Giwan ruwa da karfasa da tarwaɗa suna bin ruwa, masunci kuma yana bin kifi. Jirgin da ake iya ɗorawa a amalanken ƙarfe a kai shi wata mashiga ta tudu yana rage mai da lokaci, ana kuma iya kai shi gyara. Ban da wannan, ba mu manta da watan Mayun 2021 ba, lokacin da jirgi ɗauke da fiye da mutum 150 ya nutse a kan hanyarsa ta zuwa Wara, a Ƙaramar Hukumar Ngaski. Jirgin da zai iya isa bakin ruwa cikin gaggawa jirgin su ne, kuma jirgin ceto ne ranar da bukata ta taso.

Abu na farko shi ne nauyi. Bari mu yi lissafi irin na aji, da adadin da muka ɗauka a matsayin misali kawai. Mu ɗauka gangar jikin jirgin kilo 900 ce. Injin jirgi mai ƙarfin doki 40, irin Yamaha da aka saba da shi a nan, ya haura kilo 70. Fetur lita 100 yana da nauyin kusan kilo 75. Jiƙaƙƙen taru da koma da ƙanƙara da rigunan ceto mu ba su kilo 300. Shi kansa amalanken mu ba shi kilo 450. Jimla ta kama kusan kilo 1,800, wato ninki biyu na nauyin jirgin da muka fara da shi. Kuma kada a manta, kowace lita ɗaya ta ruwan da aka bari a cikin jirgi kilo ɗaya ce cif. Direbobin da suka ƙware sukan bar kashi ɗaya cikin biyar na ƙarfin mota a matsayin rara, saboda gangare da ramuka da zafin rana. Ke nan mai kayan kilo 1,800 ya nemi motar da aka rubuta mata jan kilo 2,250 ko fiye. Manyan jiragen katako na fasinja ba sa cikin wannan magana, domin tsawonsu da nauyin ruwan da katako ke sha sun fi ƙarfin kowace a-kori-kura.

Akwai wata ƙa'ida da ake yawan tsallakewa. Adadin da kamfani ke tallatawa na amalanke ne mai birkin kansa. Amalanken da ba shi da birki, yawancin motocin nan kilo 750 kawai aka yarda su ja. Haka kuma nauyin da bakin amalanke ke danna bayan mota, wanda bai kamata ya wuce kashi 10 cikin 100 na kayan ba, yana cikin kayan da motar ta ɗauka. Wanda ya cika baya da kwandunan kifi da mutane, sannan ya ɗaura jirgi, ya riga ya ci rarar da muka ambata.

Abu na biyu shi ne inji, kuma a nan ne ra'ayoyi suka fi rabuwa. Inji yana da ƙarfi iri biyu. Akwai ƙarfin doki, wanda ke ba mota gudu. Akwai kuma ƙarfin murɗa, wanda ake aunawa da Nm, shi ne ke tayar da kaya daga tsaye. Na farko kamar dokin sukuwa ne, na biyu kamar sān huɗa. Mai fito da jirgi daga ruwa a kan gangare mai santsi sā yake bukata.

Mu ɗauki Toyota Hilux, tun da ita ce kowa ya sani. Mai injin fetur 2.7 tana da ƙarfin murɗa kusan 245 Nm, kuma sai inji ya yi kuka sosai take kai wa wannan. Mai injin gas 2.4 na zamani tana kai wa 400 Nm, mai 2.8 kuma har 500 Nm, tun inji bai ɗaga murya ba. Shi ya sa a wasu ƙasashe kamfanin ya rubuta wa mai fetur kilo 2,500, mai gas kuma har kilo 3,500. Gas ya fi auki idan ana jan kaya, kuma tun da aka cire tallafin fetur a ranar 29 ga Mayu, 2023, arahar da ta sa muka fi son fetur a da ta kau.

To amma kada sunan gas kaɗai ya ruɗe mu. Tsohon injin 3.0 marar tabo da ke cikin wasu Hilux, ƙarfin murɗarsa bai kai 200 Nm ba, ƙasa ma da na fetur. Sabon injin gas kuma kwamfuta ke sarrafa shi, yana fesa mai da matsi mai tsananin gaske ta ƙananan kafofi. Ɗigon ruwa ko ƙura a cikin mai ya isa ya lalata injekta, kuma canjin saitin guda huɗu kuɗi ne masu nauyi. Motar da za a riƙa shayar da ita man jarka daga hannun 'yan bumburutu, gara a ce ta fetur ce. Tsakanin biyun akwai Land Cruiser 79 mai injin gas 4.2, wanda ake ƙerawa tun 1990. Ba ta da gudu, ƙarfin murɗarta kimanin 285 Nm ne, amma famfon manta na ƙarfe ne zalla, tana da juriya, kuma makanikai sun san cikinta. Aibinta tsada.

Wasu 'yan'uwa sun kawo shawarar manyan motocin Amurka, irin Ford F-250 da Ram 2500 masu injin gas 6.7. Gaskiya ne ƙarfin murɗarsu ya haura 1,000 Nm, kuma suna jan ninkin abin da Hilux ke ja. An ƙera su ne don titunan Amurka da manyan jiragen shaƙatawa na can. Motar kanta ta haura tan uku, ga shi ƙasarmu ta bakin ruwa laka ce. Na shekarun baya-bayan nan suna bukatar gas mai ƙarancin farar wuta ƙwarai, da wani ruwan tace hayaƙi da ake zubawa a tankinsa daban, idan ya ƙare motar ta ƙi gudu. Ranar da na'ura ɗaya ta mutu, wa zai gyara a Yelwa? Kayan Hilux kuwa, idan babu a Kwantagora, akwai a Panteka ta Kaduna, akwai a Ƙofar Ruwa ta Kano, kuma da safe a aika, gobe su iso.

Abu na uku shi ne ƙafafun mota. Lallai ta zama wadda tayoyinta huɗu duka ke ja, mai ƙaramar giyar nan ta ƙarfi da direbobi ke kira oksilari. Da ita mota ke rarrafowa daga ruwa a hankali ba tare da an ƙona kuloci ba. Mun fi karkata ga giyar hannu, domin ita makanikanmu suka iya kwancewa. Mun kuma fi son mai gida ɗaya a kan mai gida biyu, saboda ta fi filin kaya, ta fi araha, kuma ba ta da kwarjinin da zai sa a riƙa aronta zuwa ɗaurin aure.

Game da sabuwa ko 'yar Kwatano, aljihu ne zai yanke. In ta hannu ce, a tafi da bakanike amintacce, ya duba tsatsa a ƙarƙashi, da lagireto, da hayaƙin inji, a kuma tabbatar da takardun kwastan. Araha ba ta ado, amma tsada ma ba shaidar lafiya ba ce.

Saboda haka, ga abin da muke roƙon taro ya amince da shi. Na ɗaya, a auna jirgi da amalankensa da kayansa a kan sikeli kafin a biya kuɗin mota. Na biyu, a sayi a-kori-kura mai ɗaukar tan ɗaya, mai injin gas da oksilari, bisa sharaɗin shan mai a gidan mai ɗaya amintacce da canza matacin mai a kan lokaci. In ba za mu iya riƙe wannan sharaɗi ba, mu sayi mai fetur 2.7, lissafinmu ya nuna za ta iya. Na uku, amalanke ya zo da birki da sarƙar tsaro da fitilu. Na huɗu, direba ya zama ɗaya, wanda aka koya wa cewa ba a tura tayoyin amalanke masu zafi cikin ruwa sai sun huce, kuma ana sa musu giris a kai a kai. Na biyar, a ware wani kaso na kuɗin gyara tun yau, a buɗe littafin shiga da fita wanda za a karanta a wannan taro kowace shekara, domin ba a fafe gora ranar tafiya.

'Yan'uwa, mu da ke birni mun sha kifin garinmu a miya tun muna goye, da yawanmu kuma kuɗin kifi ne ya saya mana allo da littafi. Masuntan nan suna jiran abin da zai yi musu aiki shekara goma ko fiye. Mu zaɓa musu da lissafi.

Allah ya ƙara wa Sarki lafiya, ya tsare masu shiga ruwa, ya mayar da kowa gidansa lafiya.