Da ciki wata biyar na je kallon raƙuman dawa

Waɗanda data ba ta ishe su sauraron murya ba, ga shirin a rubuce kamar kullum.

Wata 'yar'uwa ce ta turo min saƙo. Ta ce ita da mijinta sun shekara biyu suna tara kuɗi don su je Uganda kallon gwaggon biri a dajin Bwindi, har sun biya kuɗin izini, sai gwaji ya nuna tana da ciki. Ta ce, "Anti, in je ko in fasa?" To ƙanwata, ni ba likita ba ce, amma na taɓa yin irin wannan gangancin, bari ki ji.

A watan Yulin 2019 ne, saura wata ɗaya Najeriya ta rufe iyakokinta na ƙasa. Ina nan Illela da cikin fari wata biyar. Maigida zai je Yamai, na nace sai ya tafi da ni mu tsaya Kure, inda raƙuman dawan Afirka ta Yamma suke. A 1996 saura kamar 50 suka rage, amma lokacin da muka je sun haura 600. Tun ina makaranta nake burin ganinsu.

Surukata ta dube ni ta ce, "Ke ɗiyag ga, mi kika biɗa cikin daji da wanga ciki?" Na ce, "Inna, ai cikin mota za mu zauna." Ba ta ƙara magana ba.

Muka tsallaka Birnin Ƙonni da sassafe, muka bi ta Dogon Dutse, muka wuce Dosso. Kure tana kamar kilomita 60 kafin Yamai, wato mun ci sama da kilomita 300 ina zaune. A can muka ɗauki ɗan jagora, mota ta sauka daga kwalta ta shiga yashi da kwazazzabai. Kowane rami sai na ji shi a marata. Kuma wallahi na gansu. Uwa da ɗanta suna cin ganyen ƙaya, kusa da mu, ko gezau. Har hawaye na yi.

A hanyar dawowa ne jikina ya rikice. Sanyi, ciwon kai, mara tana ɗaurewa tana saki. Maigida ya tsaya wani ƙaramin asibiti a bakin hanya. Ungozomar ta tambaye ni sati nawa ne cikin, mene ne rukunin jinina, sau nawa na sha maganin rigakafin maleriya na masu ciki. Ko ɗaya ban iya amsawa daidai ba. Katin awona yana cikin durowa a Illela. Kuma gaskiya na tsallake awon watan, ban sha Fansidar ɗin da ake bayarwa ba.

Gwaji ya nuna maleriya. Ta ce min, "Wannan daga gida kika taho da ita, don ba ta nunawa a kwana ɗaya ko biyu. Hanya dai ta gajiyar da ke." Kwana biyu na yi kan gado ina jiran in ji yaron ya motsa. Alhamdulillahi a Nuwamba na haihu lafiya, amma ban manta daren nan ba.

Yanzu ki kwatanta da taki tafiyar. Ni a mota nake. Bwindi kuwa da ƙafa ake hawa, daji ne mai duhu da santsi, tsayinsa daga mita 1,160 har sama da 2,600. Mutum takwas ake haɗawa a ayari, kuma babu mai ce miki ga lokacin da za ku iske su, ana iya yin awa ɗaya, ana iya wuni. In kun same su, awa ɗaya tak ake ba ku. In kika zame ko jini ya ɓalle a can ciki, sai an sauko da ke kan makara kafin a kai ga mota.

Sai maganar allura. Akwai katin rigakafin shawara, wato katin nan mai ruwan ɗorawa. In kin taɓa yi, sau ɗaya ya isa har abada. In ba ki yi ba, allura ce da aka saba ɗage wa mai ciki sai in dole ta kama, don haka likita ne zai yanke, ba mai sayar da tikiti ba.

Likitoci kan ce in tafiya ta zama dole, tsakanin sati 14 da 28 ya fi sauƙi. Amma ki ɗauki katin awonki, ki san rukunin jininki, ki kwana cikin gidan sauro, kuma kafin ki fita ki san minti nawa ne tsakaninki da asibitin da ake iya yin tiyata.

Na san kuɗin da zafi. A farashin 2024, izinin dala 800 ne ga baƙi, 500 ga 'yan sauran ƙasashen Afirka. Ki tuntuɓi kamfanin da ya sayo muku shi tun yanzu, ki kai takardar likita, ki nemi a ɗage ranar. In ra'ayina kike so, ki bari sai kin yaye. Gwaggon birin tsauni sun haura 1,000, ƙaruwa ma suke yi, za ki same su insha Allahu.

Masu jin labarina su ce za su Kure, ku dakata. A ranar 9 ga Agustan 2020 'yan bindiga sun kashe mutum takwas a can. Ku binciki halin tsaro tukuna.

Ke da kika taɓa yin doguwar tafiya da ciki, ki ba mu labari a ƙasa, ƙanwarmu tana karantawa. Allah Ya sauki masu ciki lafiya. Sai mako mai zuwa.