Wuta Kafin Kwamfuta: Yadda Ɗan Koyo Zai Zaɓi Kayan Farawa

Shugaban taro, malamaina, iyayenmu da ke zaune a gaba, ɗalibai maza da mata, da 'yan'uwa masu gyaran waya da masu haɗa sola da na hango can baya, ina yi muku barka da zuwa. Na san akwai waɗanda suka taso daga Ikara da Paki, akwai na Hunkuyi da Likoro, suka baro aikin gona a irin wannan lokaci suka zo Makarfi. Allah ya saka da alheri.

An ce in yi magana a kan ƙananan kwamfutocin nan da ba su wuce tafin hannu ba, waɗanda aka tattara komai nasu a kan fanel guda, da yadda mai son koyo zai zaɓi kwalin kayan da zai fara da shi. Wadda ta fi suna a cikinsu ita ce Raspberry Pi. Wasu malamai ne a Kambirij ta Ingila, cikinsu har da Eben Upton, suka lura cewa yaran da ke neman shiga jami'a don karanta ilimin kwamfuta suna raguwa, waɗanda suka zo ɗin ma ba su taɓa buɗe cikin na'ura sun yi wasa da ita ba. Sai suka ce bari a yi wadda yaro zai lalata ba tare da an yi masa faɗa ba. Ta fito kasuwa a watan Fabrairun 2012 a kan dala 35. Daga nan aka yi ta haihuwa: Pi Zero a 2015 a kan dala 5, Pi 4 a 2019, Pi 400 da aka saka cikin kibod a 2020, Pi 5 a 2023. Kamfanonin Sin ma sun fito da nasu, irin su Orange Pi da Banana Pi.

To, idan ka shiga kasuwar intanet neman kayan farawa, za ka ga kwali an jera masa kaya ana ƙirgawa: fanel, gida na roba, 'yar fanka, caja, memori, kebul, 'yan fitilu ja da kore, wayoyi kala-kala. Ido yakan tafi ga wanda ya fi yawan tarkace. Abin da nake so mu riƙe shi ne, wanda ya shirya kwalin nan ya shirya shi ne da tunanin ɗakin da wuta ba ta ɗaukewa, da sikirin a kan tebur, da intanet da ba a lissafin data. Mu kuwa mun san ɗakunanmu. Saboda haka tambayar farko ita ce wane aiki kake so a yi maka, ta biyu kuma da wace wuta za a yi shi. Sunan fanel shi ne na ƙarshe.

Bari in daɗe a kan wuta, don nan ne kuɗin yawancin masu farawa ke salwanta. Pi 4 tana son bolt 5 da amfiya 3 ta bakin USB-C. Pi 5 ta fi ta ci: cajarta ta asali wat 27 ce, tana ba da amfiya 5, kuma idan ka ba ta mai amfiya 3 za ta tashi, sai dai ta rage wutar da take bai wa abubuwan da ka jona mata. Cajar wayar da ke aljihunka, ko da an rubuta mata manyan lambobi a jiki, sau da yawa ba ta iya riƙe bolt 5 idan aiki ya yi nauyi, musamman da siririn kebul mai arha. Da zarar wutar ta sauka ƙasa da kimanin bolt 4.63, kwamfutar za ta nuna gargaɗi, ta rage gudu, maus ya riƙa tsayawa. Wani ɗalibi ya taɓa kawo mini tasa yana cewa an sayar masa da jabu. Muka ɗora mita a kan ƙafafun wutarta, muka buɗe bidiyo, muna kallo lamba tana sauka. Muka canja kebul kawai, mai kauri kuma gajere, shi ke nan ta miƙe. Fanel ɗin lafiyarsa lau.

Wannan ƙaramar matsala ce idan aka kwatanta da ɗaukewar wuta. Ita wannan kwamfuta ba ta da batir, kuma dukan tsarinta yana zaune ne a cikin memori irin na waya. Tana rubutu a cikinsa kusan koyaushe, ko da kai ba ka taɓa komai ba. In aka ɗauke wuta tana tsakiyar rubutu, memorin na iya rikicewa, gobe ka kunna ka ga ta ƙi tashi. A garin da ake ɗauke wuta sau ɗaya a shekara wannan labari ne da ake bayarwa. A wurinmu abin kullum ne. Don haka duk wanda zai sayi Pi a ƙasar nan, ya ɗauka cewa batir na cikin kuɗinta, ko inbata ta gida, ko fawa banki, ko ƙaramin batirin sola da na'urar rage wuta zuwa bolt 5.

Mu yi lissafi tare, don masu haɗa sola su gyara mini in na kauce. Pi 4 da ke zaune ba ta aikin kirki tana cin wajen wat 3. A awa 24 ya zama wat 72 na awa. Fawa bankin da aka rubuta wa 20,000 a jiki, in gaskiya aka rubuta, abin da ke cikinsa wajen wat 74 ne na awa, kuma wani kaso zai tafi a zafi wajen ɗaga wutar zuwa bolt 5. Kun ga ke nan ba zai kai ta kwana da wuni ba. Ga wani abu kuma: fawa banki da yawa sukan yanke wuta na ɗan daƙiƙa lokacin da aka jona su a caji ko aka cire, kuma wannan ɗan yankewar ya isa ya kashe kwamfutar. A gwada wannan a gaban mai shago kafin a biya.

Wannan lissafi shi ya kai ni ga maganar da wasu ba za su so ji ba. Yawancin ayyukan da matasanmu ke zuwa mini da su ba sa bukatar kwamfuta ko kaɗan. Ɗan Ikara yana so ya san danshin ƙasa a gonar tumatir. Ɗan Kudan yana so famfo ya tsaya da kansa in tanki ya cika. Ɗalibar Kwalejin Shehu Idris ta nan Makarfi tana so ta san ko firjin allurar rigakafi ya fita daga tsakanin digiri 2 zuwa 8 da dare. Duk waɗannan aikin ƙaramin fanel ne mai umarni guda, irin su Arduino da aka faro a Italiya a 2005, ko ESP32 na kamfanin Espressif da ke zuwa da Wi-Fi a jikinsa, ko Raspberry Pi Pico da ya fito a 2021 a kan dala 4. Waɗannan ba su da tsarin da zai rikice. A ɗauke wuta sau goma, a dawo da ita, su ci gaba daga umarninsu kamar ba a yi komai ba, kuma abin da suke ci bai kusa da abin da Pi 4 ke ci ba. Ɗauko Pi 5 don auna zafin firji kamar ɗauko tirela ce don kai daurin rake guda kasuwa.

Akwai ma dalilin da ya wuce na wuta. Na'urar jin danshin ƙasa tana magana ne da hawa da saukar bolt, ita kuwa babbar Pi ba ta da ƙafar da ke karanta irin wannan. Sai ka sayo mata wani ɗan guntu, kamar ADS1115 ko MCP3008, ya fassara mata. Pico da Arduino da ESP32 suna karantawa kai tsaye. Kuma tunda mun zo nan, ku duba irin na'urar danshin da aka saka muku a kwali. Mai ƙafa biyu ta ƙarfe tsirara, wadda ita aka fi sakawa don arha, takan ci tsatsa cikin 'yan makonni a jiƙaƙƙiyar ƙasa, balle ƙasar da ta sha taki. A nemi mai rufaffen jiki, a kuma shafe gefenta da saman ta da abin hana ruwa. Don zafin firji kuwa, DS18B20 mai kan ƙarfe da doguwar waya ita ce daidai.

Manoman da ke nan za su yi mini wata tambaya, gara in riga su. Injin ban ruwan da ya cika fadamunmu na fetur ne, igiya ake ja ya tashi. Babu fanel ɗin da zai ja maka igiya. Maganar kunna famfo daga nesa tana aiki ne ga mai famfon lantarki ko na sola, kuma tun da fetur ya yi tsada bayan cire tallafi a 2023 masu komawa sola suna ƙaruwa, to nan ne ƙofar take. Amma ina roƙon ɗalibai, kada wanda ya jona ɗan makunnin da ke cikin kwali da wutar gida mai bolt 230 shi kaɗai. A nemi mai aikin lantarki ya tsaya a kai. Haka kuma kada a yi wa manomi alkawarin da na'ura ba za ta cika ba. Waɗanda suka ga abin da tsutsar sharon ta yi wa tumatir a 2016 sun san auna danshi wani abu ne, ceton gona wani abu ne daban.

To ina babbar Pi take da amfani? Wuri biyu na fi ganin ta. Na farko, koyo. Yaron da ba shi da laftof zai iya samun cikakkiyar kwamfuta da zai koyi Scratch da Python, ya buga rubutu, ya taɓa ƙafafunta 40 ya kunna fitila da umarnin da shi ya rubuta. Ga wannan, Pi 4 mai gig 4 ta wadatar, ko Pi 400 da ta zo da kibod ɗinta. Na biyu, ɗakin karatu marar intanet. Akwai manhaja mai suna Kiwix da ake sauke Wikipedia a cikinta, har da ta Hausa, akwai kuma Kolibri mai darussa. A je inda sabis yake da ƙarfi, ko Zariya ko Kano, a sauke sau ɗaya. A dawo a ajiye Pi a ofishin shugaban makaranta, ta riƙa watsa nata Wi-Fi, duk mai waya a harabar ya shiga ya karanta ba da ko kwabo na data ba. Makarantar sakandare a ƙauye da ke da falle ɗaya na sola za ta iya wannan. Ni a ganina babu aikin da ya kai shi riba a yankinmu.

Sauran kayan kwalin ba sai na daɗe ba. Pi 4 da Pi 5 ƙaramin bakin HDMI gare su, ba irin na talabijin ba, don haka a tabbata kebul ɗin na ciki. Mai tsohon sikirin mai shuɗin baki zai bukaci abin haɗi. Gida da fanka dole ne: kwamfutar kan fara rage gudu in cikinta ya kai digiri 80, kuma a ɗakin kwano a watan Afrilu ba ta da nisa da nan. Da hunturu a riƙa buɗewa ana kaɗe ƙura. Ƙafafunta bolt 3.3 suke ɗauka, alhali kayan Arduino da yawa bolt 5 suke fitarwa, kuma kuskure guda ya isa ya ƙona ƙafa. Pi 4 ba ta riƙe lokaci in ta mutu babu intanet, saboda haka mai ajiye bayanan awo ya ƙara ɗan agogo mai batir.

Memori kuwa sai an yi hattara. Jabu ya yi yawa: a rubuta gig 64, ciki bai kai haka ba, sai ka cika shi sannan abubuwa su fara ɓacewa. Akwai manhajar gwaji kyauta mai suna H2testw da ke cika shi ta karanta ta faɗi gaskiyarsa. A sayi biyu, a shirya ɗaya a kwafe shi cikin ɗayan a ajiye a aljihun tebur. Abin mamaki, abubuwan da suka fi amfani ba a saka su a kwali: mita, da ƙarfen narka dalma. Masu gyaran wayar da ke zaune can baya suna da su, sun kuma fi yawancinmu masu digiri iya riƙe su. Malaman makarantu, ku jawo su cikin ƙungiyoyin ɗalibanku.

Game da saye, kayan nan da dala ake shigo da su, kuma tun da aka saki naira a tsakiyar 2023 farashin jiya ba shi ne na yau ba. Wanda zai je Sabon Gari a Zariya, ko Farm Centre a Kano, ko ya yi oda daga Legas, ya tafi da jerin abin da aikinsa ke bukata a rubuce, ya nemi a kunna masa fanel a gabansa. In mai shago ya ce ga Orange Pi ta fi arha kuma ta fi ƙarfi, yana iya yin gaskiya, sai dai ranar da ka maƙale za ka ga darussa da amsoshin da ke intanet yawancinsu na Raspberry Pi ne, kuma ɗan koyo ya fi bukatar mai amsa masa tambaya fiye da ƙarin gudu. Ga makarantar da ta tara kuɗin Pi 5 guda da kayanta, shawarata ita ce ta sayi Pi 4 ɗaya don ɗakin karatu, sauran kuɗin a sayi Pico ko ESP32 da yawa a raba wa yara uku-uku, kowane rukuni da nasa, wanda in ya ƙone ba za a kira iyayen kowa ba.

Shugaban taro, na ga ana nuna mini agogo. Na zo da fanel uku da mita, suna kan teburin nan. Bayan tambayoyi duk mai so ya matso da cajarsa mu auna ta.